Hajja Kaka Tana Jiran Jirgin Nguru

Hajja Kaka yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ta je Makka ba, sunan kakarmu ta ci. A Nguru aka haife mu. Aure ya kawo ta ƙasar Kazaure, ni kuma na biyo ta daga baya da fataucin banda, na samu gona, na zauna. Ƙauyenmu Gidan Bulama, a kan hanyar Roni. Kusan dukanmu Barebari ne.

Tun rasuwar mijinta ba ta shiga mota ba. Motar kasuwa ce ta kife da su suna dawowa daga Babura, zamanin soja. Shi ya rasu a wurin. Ita ta taga aka zaro ta. Da ta warke ta dafa Alƙur'ani ta rantse ita da mota har abada. Ta kuma cika. Biki a Yankwashi, da ƙafa. Asibiti, a amalanke. Nguru kuwa ta gagare ta. Da Iya ta rasu ni kaɗai na je.

Bana bayan girbi ta kira ni ɗakinta.

"Mele, a Nguru nake so a rufe ni. Kusa da Iya."

"To."

"'Ya'yan marigayi Zubair sun ce akwai ɗaki." Zubair ƙanenmu ne.

"Da me za ki je?"

"Kai ne namiji. Ka san yadda za ka yi."

Dama na riga na ga abin da na gani. Sabon layin dogon nan da ake ja daga Kano zuwa Maradi ya ratsa ta gefen Kazaure. Na je cin kasuwa, na ratse na duba da idona. Ga ƙarfe a shimfiɗe yana walƙiya. Ga ginin tasha da fenti. Ga dogon dakalin da fasinja suke tsayawa. Ina tsaye sai na ji kuka, sai ga kan jirgi yana jan taragu. Ba labari aka ba ni ba.

Ni kuwa na san jirgi. Da ƙuruciyata dako na yi a tashar Nguru. Inda akwai ƙarfe da tasha da kan jirgi, to akwai tafiya. Kuma duk ƙarfen ƙasar nan Kano yake zuwa. Daga Kano sai Nguru.

Na gaya mata. Ta ɗaga hannu ta yi godiya ga Allah.

Ɗanta Kashim ne ya kawo magana.

"Kawu, ba a buɗe ba fa."

"Ba a buɗe me ba?"

"Tashar. Ba a fara ɗaukar mutane ba. Ko a rediyo ba a faɗa ba."

"Rediyo ne yake tuƙa jirgin?"

"A'a, Kawu, amma..."

"Ka taɓa shiga jirgi?"

"Ban taɓa ba."

"To rufe min baki."

Ya rufe. Yaran yanzu sai an ba su rana da lokaci. Mu a zamaninmu ba a tambayar jirgi yaushe zai zo. Tabarma kake ɗauka da guzuri, ka je tasha ka zauna. Yau ko gobe zai zo. In na fasinja bai zo ba, na kaya zai zo. Ka gaida gadin jirgin, ka ba shi goro, ya sa ka a tsakanin buhuna. Haka aka yi ta yi, ba wanda ya kwana a hanya har abada.

Hajja Kaka ta fara bankwana. Irin bankwanan da ba a dawowa. Gida gida ta bi tana neman gafara. Har gidan Zubaida ta shiga, wadda suka yi shekaru ba sa ga maciji saboda wata akuya da ta ci shanyar kuɓewa. Suka rungume juna suka yi kuka, unguwa duk ta ji. Sannan ta rabar da kayanta. Gadon ƙarfe ta ba jikarta Khairiyya. Awaki ta ba matar Kashim. Kwalla da tasoshi, maƙwabta. Kaskon turare ta ba Zubaida ɗin. Ɗakin kansa ta ce a share a ba babban jikanta da yake shirin aure, aka kuwa share, aka fara yaɓe tun tana nan. Abin da ya rage mata adudu ɗaya ne, da buta, da tabarma, da likkafaninta da ta daɗe da ɗinkawa.

Ran tafiya Liman Haladu ya yi addu'a a ƙofar gida. Aka shafa. Muka hau amalanke, Kashim yana korar shanu. Mata da yara suka biyo mu har kukar da take ƙarshen gonaki. Nan rakiya take tsayawa. Suka juya. Ita ba ta waiwaya ba. A wurinmu wanda aka yi wa addu'a aka raka ba ya waiwaye.

Da hantsi muka isa. An kewaye tashar da waya, ƙofa a rufe. Kashim ya sauke kaya yana kallona. Na kau da kai.

"Tafi," in ji Hajja Kaka.

"Hajja, bari in tsaya in ga tashinku."

"Na yafe maka tun jiya. Tafi."

Ya tafi. Yana tafe yana juyowa.

Maigadin tashar ya fito daga wata 'yar rumfa da sanda a kafaɗa. Dattijo ne siriri, Bafulatani, sunansa Sama'ilu. Rugarsu tana bayan layin. Ya kalli zanen fuskarmu, ya washe baki. Kowa ya san wasan da yake tsakanin Barebari da Fulani.

"A'a! Yau bayina ne da kaya niƙi-niƙi? Guduwa za ku yi ba ku gaya min ba?"

"Buɗe ƙofa, bawa," na ce. "Ina ake yankar tikiti?"

"Tikitin me?"

"Na Kano. Daga can Nguru."

Ya yi dariya har ya dafa sanda. Ya kalle ni, ya ga ban yi ba. Ya kalli Hajja Kaka a zaune a kan adudunta. Dariyar ta tsaya.

"Da gaske kake?"

"Na yi maka kama da mai wasa?"

"Malam, ba a shiga jirgi a nan."

"Tasha ce ko ba tasha ba ce?"

"Tasha ce."

"Jirgi yana wucewa?"

"Yana wucewa."

"To me ya rage?"

Ya sosa ƙeya. "Wallahi ban sani ba. Ni dai ƙofa aka ba ni. An ce kada kowa ya shiga, ko akuya."

"Ina sitashamasta?"

"Wane ne shi?"

Tasha babu sitashamasta, babu shugabanta ke nan. Ban gane ba. Na ce ko ya tafi salla ne, wannan bai san sunan aikinsa ba.

Sama'ilu ya nuna mana inuwar wani gawo a wajen waya, dab da layi. Muka shimfiɗa tabarma. Da azahar Hajja Kaka ta yi alwala ta tayar da salla. Raka'a biyu ta yi ta sallame.

"Yaya, biyu kika yi."

"Kasaru nake. Na bar gari."

Na duba. Daga inda muke ana hango duwatsun bayan ƙauyenmu. Mai ƙarfin ido ma zai ga kukar da aka tsaya da rakiya. Ni na rasa nawa zan yi. Na yi huɗu, na ji kamar na ƙaryata tafiyar.

Wajen la'asar ƙarfe ya fara amsawa. Na san wannan sautin. Na ce, "Tashi, ga shi nan." Ta miƙe, na aza mata adudu a ka, ta riƙe buta. Na gyara hula. Na fito da goro manya guda biyu na ɗaga hannu yadda ake yi.

Ya zo a hankali. Kan jirgi sabo, ba hayaƙi. Taragun ba rufi, cike da tsakuwa. Samari a zaune a kai da hulunan kwano. Suka ɗago mana hannu. Ɗaya ya ɗaga waya yana ɗaukarmu. Na nemi taragon gadi a ƙarshe, babu. Ya wuce. Ƙarfe ya yi shiru.

Ta daɗe a tsaye da adudun.

"Bai gan ka ba ne?"

"Ya gani."

"To?"

"Wannan na kaya ne."

"Ai ka ce na kaya ma yana ɗauka."

Na mayar da goron aljihu.

Rana ta yi ƙasa. Na ce, "Yaya, mu koma gida, gobe mu dawo da sassafe."

"Wane gida?"

"Gida."

"In kwana a ina? A kan yaɓen da bai bushe ba? In ce wa Khairiyya tashi daga kan gadon da na ba ki? In shiga gidan Zubaida in ce dawo min da kaskona, kukan da muka yi na banza ne? Mele, an shafa min fatiha."

"To gidana."

"Gidanka a wane gari yake?"

Gidana katanga ɗaya ce tsakaninsa da nata.

Sama'ilu yana jinmu. Ya tafi, ya dawo da matarsa Adda, wata doguwar tsohuwa mai manyan 'yan kunne. Adda ba ta tambayi komai ba. Ta ɗauki adudun ta aza a kanta.

"Taso, baiwata. Yau kin zo gidan iyayengijinki."

"Kwana ɗaya," in ji Hajja Kaka. "Kuma ki wanke ƙwaryar da za ki ba ni ruwa. Na san ku."

Ni a rumfar Sama'ilu na kwana.

Washegari muka koma gindin gawo. Jirgin tsakuwa ya wuce da safe, ya dawo da yamma ba komai a ciki. Duk lokacin da ƙarfe ya amsa sai ta miƙe ta aza adudu. Ni ma in miƙe. Na daina ɗaga goro.

Sama'ilu ya kawo fura ya zauna.

"Wai da gaske ka yi aikin jirgi, ko irin cika bakinku ne na Barebari?"

"Ka ga wuyan nan? Buhunan gyaɗa ne suka kafe shi."

"A ina?"

"Nguru. Can ƙarfe ya ƙare. Daga nan ba gaba, sai a juya kan jirgin ya fuskanci Kano. Gawayi yake ci, ya sha ruwa kamar raƙumi. In ya iso, garin duka yana tasha. Gyaɗa, fatu, kanwa, banda, ƙaro. Shanunku ma a tarago muke zuba su, suna kuka kamar masu su. Mutanen Nijar suna sauke raƙuma a bayan tasha. Mata suna sayar da dafaffen ƙwai ta taga. Daga Nguru sai Birniwa, sai Malam Madori, sai Gagarawa, sai Ringim, sai Kano. A kowace sai ya tsaya. Ko mutum ɗaya ne a tsaye sai ya tsaya."

"To wannan ba ya tsayawa."

"Me ya sa?"

"Ka tambaye ni? Ni tarihin tashar nan kaf a idona aka yi shi. Da burtalinmu ne, nan ubana yake bi da shanu zuwa ruwa. Sai wasu suka zo suna leƙe ta cikin wani abu mai ƙafa uku. Sai jar ƙasa. Sai ƙarfe. Yanzu shanuna ta ƙarƙashi suke bi, ta wani rami, sai na shiga gaba ina kira kafin su yarda. Ni kuma aka ba ni ƙofa. Shi ke nan tarihin."

"Ba wanda ya taɓa hawa?"

"Sai tsakuwa."

Na yi ta juya maganar. An yi gini. An yi dakali. An yi ma wurin zama a ciki, ina hango kujeru ta gilashi, da ledarsu ba a cire ba. Wa aka yi wa?

Kashim yana zuwa kullum a kan babur da kwanon tuwo. Ba ta yarda ya matso. Daga nesa yake ajiyewa.

"Hajja, don Allah ki zo mu koma. Ba wanda zai yi dariya."

"Wa ya ce ka gaya musu?"

"Ban gaya ba. A waya suka gan ku."

"Suka gan mu yaya?"

"Ke da adudu, Kawu da goro."

Na tashi na ba su wuri.

Mata suka aiko za su zo gaishe ta. Ta ce duk wadda ta zo ba ta yafe ba. Zubaida ta aiko da kaskon turare a nannaɗe cikin tsumma. Ta ce a mayar, kyauta ba ta komawa hannun mai ita. Khairiyya ta aiko cewa ita dama gadon yana mata ƙara, tsohuwa ta zo ta ɗauki abinta. Hajja Kaka ta ce a gaya wa ja'irar ta sa masa man gyaɗa.

Da abin ya ishi Kashim sai ya ɗauko Liman Haladu a bayan babur. Liman ya sauko yana gyara rawani, ya gaishe ta, ya zauna a bakin tabarma.

"Hajja, an ce kasaru kike yi."

"Ba matafiyiya ba ce ni, Malam?"

"To. Kin yi niyyar Nguru?"

"Na yi."

"Kin fita daga gine-ginen gari?"

"Kai ka shafa min fatiha."

"Haka ne." Ya kalli duwatsun ƙauyenmu, ya kalli ƙarfen. Ya ja gemu. "Ni dai ban taɓa gamuwa da irin wannan ba. Matafiyin da ake kawo wa tuwo daga gida da zafinsa."

"Ka ba ni amsa, Malam."

"Abin da na karanta shi ne, muddin ba ki koma garinki ba, ba ki kuma san ranar tashinki ba, kina cewa yau ko gobe, to matafiyiya ce ke. Amma ran da kika tabbata za ki kwana huɗu a wuri, tafiya ta yanke. Kin zama mazauniyar wurin."

"Mazauniyar ina?"

Liman ya waiwaya. Babu komai a wurin sai waya da ƙarfe da bukkokin su Sama'ilu. Sama'ilu ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa suna rawa.

"Kuma Hajja," in ji Liman, "na sha gaya miki. Rantsuwar nan tana da kaffara. Miskinai goma za a ciyar, ki shiga mota lafiya lau."

"Na ji. Ba bakina ne ya ƙi ba, ƙafafuna ne."

"To Allah Ya kawo jirgin."

"Amin," in ji ta. Ni ma na ce amin.

Da rana tsaka wata farar mota ta tsaya a ƙofar tasha. Wata yarinya ta fito, hular kwano a kan ɗankwali, takalmi irin na soja. Sama'ilu ya ƙame mata. Ya ce injiniya ce, sunanta Nafisat, tana cikin masu duba aikin. Ta yi magana da shi kaɗan, sai ta nufo mu. Ta cire hular, ta durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Hajja. Ina wuni, Baba. An ce jirgi kuke jira."

"Ke ce sitashamasta?" na ce.

"A'a, Baba. Ba a kawo shi ba tukuna."

"Yaushe jirgin mutane yake zuwa?"

"Ba a fara ba. Wannan da kuke gani na aiki ne, tsakuwa yake kai wa gaba. Ƙarfen ma bai gama haɗuwa ba, akwai wuraren da ba a shimfiɗa ba."

"Daga ina yake fitowa to?"

"Daga inda ake loda tsakuwar."

"Ba daga Kano ba?"

"A'a, Baba."

Jirgin da ba daga Kano yake ba.

Hajja Kaka ta matso. "'Yar nan, kalle ni. Ba na son kwana-kwana. Zai zo kafin kwana huɗu?"

"A'a, Hajja."

"Kafin azumi?"

"Ba ni nake sa rana ba. Amma ba na zato."

"In ya zo, zai kai ni Nguru?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Wannan Kano zai tsaya. Na Nguru tsohon layi ne, daban yake. Wannan ya fi shi faɗi, jirgin nan ba zai iya hawa wancan ba. Sai dai a sauka a nemi wancan. Shi kuma ban sani ba ko yana aiki yanzu."

"Ƙarfe ai ƙarfe ne," na ce.

"Ƙarfe ne, Baba. Faɗin ne ba ɗaya ba."

Ta ce in muna so motarsu za ta mayar da mu gida. Hajja Kaka ta ce Allah Ya yi mata albarka, ta je ta yi aikinta.

Da ta tafi na je inda wayar ta ƙare, na hau kan tsakuwa. Na tsaya a kan ƙarfe ɗaya na miƙa ƙafa zuwa ɗayan. A Nguru da buhu a wuya nake tsallake layi da taki ɗaya, ban ma san na yi ba. Nan sai da na sauka a tsakiya. Na sake gwadawa. Haka. Na tsaya ina tunani, ƙarfen ne ya buɗe ko ni ne na tsuke. Har yau ban raba ba.

La'asar ta yi. Hajja Kaka ta yi alwala ta hau tabarma. Ta daɗe a tsaye ba ta yi kabbara ba. Sannan ta yi. Ina zaune ina kallo. Ta kai ta biyu, ta zauna, na zaci za ta sallame. Ta miƙe. Huɗu ta yi.

Sama'ilu ma ya gani. Bakinsa ba ya iya shiru.

"Alhamdu lillahi! Mun yi sabuwar 'yar ruga. Adda, nemo mata ƙwarya da faifai, gobe ita za ta kai nono Kazaure. Zanen fuskar ne kawai matsala, za a ce mun sato ta."

"Kai, Sama'ilu, ka ji tsoron Allah," in ji Adda. Ta zauna kusa da ita. "Rabu da shi. Ki zauna abinki. Bukka tana nan, nono yana nan. In kika rasu mu rufe ki a bayan ruga, wurin yana da kyau, akwai inuwa."

Da zuciya ɗaya Adda ta faɗa. Amma na ga fuskar yayata. Ta kalli bayan rugar. Ta kalli duwatsun ƙauyenmu. Ta kalli gabas. Carbinta ya tsaya a hannunta.

"Mele."

"Na'am."

"Nemo mota."

Na zaci ban ji daidai ba. "Mota?"

"Kurma ka zama?"

"Rantsuwar fa?"

"Kai za ka ciyar da goman. Kai ka kawo ni."

"Ƙafafun fa?"

"Ku ɗauke ni ku saka. In na yi ihu kada ku saurara."

Na aika wa Kashim. Da safe ya zo da shatar wata ƙaramar mota daga tashar Kazaure, direban wani mai furfura, dama na gaya wa Kashim ba na son yaro. Ta ce ba za ta shiga a ruga ba, ba kuma a bakin titi ba. A ƙofar tasha za a tsayar da ita. Sama'ilu ya ce an hana tsayawa a nan, sannan ya juya baya yana duba waya kamar ta tsinke a wani wuri.

Kashim ya matso zai yi magana. Ta ɗaga masa hannu.

"Tsaya can. An gama bankwana. Kada ka ɓata min rai, ba ni da sauran yafiya."

Ya tsaya can, yana share ido da hannun riga.

Ta tako har bakin motar da kanta. Direba ya buɗe ƙofa. Nan ta ƙame. Ta ce, "Ba zan iya ba." Ta sake cewa, "Mele, ba zan iya ba, a bar ni." Na kalli Adda. Adda ta kama ta ta dama, na kama ta ta hagu. Ba ta da nauyi. Ta yi ihu sau ɗaya, ta kira sunan mijinta. Ba mu saurara ba. Muka zaunar da ita a baya, na shiga kusa da ita, Adda ta tura adudun a kan cinyarta ta rufe ƙofa.

"Sai kin aiko da fansar kanki, baiwa!" in ji Sama'ilu ta taga.

Ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Ta laluba ta kama wuyan hannuna.

"A hankali," na ce wa direba. "In ka wuce amalanke sai na ji dalili."

"Baba, Nguru fa za mu."

"Na san inda za mu."

Mota ta motsa. Farcenta ya shiga fatata. Muka hau kwalta, muka bar ginin da fentinsa da kujerunsa a baya. Tana ta salati a ƙarƙashin mayafi. Muka wuce Kanya Babba ba ta buɗe fuska ba. Muka wuce wurin da abin ya faru, muka wuce Babura, ban gaya mata ba, ban sani ba ko ta sani.

Can gaba, da rana ta take tsaka, ta yi magana daga cikin mayafin.

"Mele."

"Na'am."

"Azahar ta yi?"

"Ta kusa."

"Ka ce ya tsaya. Biyu zan yi."

"To in kika fita, za ki iya komawa ciki?"

Hannunta yana nan a kan nawa.

"Kai da direban ku saka ni," in ji ta.